Kuɗin Neman Haihuwa a Asibiti: Tambayoyi da Amsoshi

A ɗakin likitan mata, ma'aurata kan yi tambaya ta farko da ƙarfi: "Likita, za a dace?" Ta biyun, wato "nawa ne?", sai an miƙe za a fita ake yin ta, murya ƙasa-ƙasa. Ita ce kuwa ke yanke hukunci a gidaje da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana gamuwa da matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma a ƙasashe da dama daga aljihunsa yake biyan magani. Ga tambayoyin da aka fi yi game da kuɗin.

Yaushe ya kamata mu fara zuwa asibiti?

Idan an yi shekara guda ana tare, ana saduwa a kai a kai ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba, lokaci ya yi. Idan matar ta kai shekara 35, wata 6 ya isa. Wadda al'adarta ke tsallake watanni, ko take fama da matsanancin ciwon mara, ko aka taɓa yi mata tiyata a ciki, ba sai ta jira ko wannan ba. Amaryar wata huɗu da dangin miji suka fara ƙirga wa kwanaki kuma ba ta da wata matsala tukuna, a bar ta ta sarara.

Da me ake farawa? Miliyoyi ne?

A'a. Bincike na farko shi ne mafi arha a duk tafiyar, kuma shi aka fi tsallakewa.

Ga mace akwai gwajin jini na sinadaran da ke tafiyar da al'ada da fitar ƙwai, da sikanin na mahaifa, da hoton nan da ake kira HSG, wanda ake tura ruwa ta bakin mahaifa a ga ko bututun da ƙwai ke bi a buɗe suke. Ga namiji gwaji ɗaya ne tak: gwajin maniyyi. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba shi 'yar roba mai murfi a ɗakin gwaji, a duba yawan ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu. Babu allura, babu yanka, kuɗinsa bai kai na hoton HSG ba.

Duk da haka za ka ga mace ta shekara biyar tana yawon asibiti ita kaɗai, ta sha ƙwayoyi, an yi mata hoto sau uku, har wankin mahaifa an yi mata, ta sayar da ɗan kunnenta na zinari, maigida bai taɓa taka ƙofar ɗakin gwaji ba. Hujjarsa: "Ni lafiyata ƙalau." Abin da yake nufi shi ne yana iya kusantar iyalinsa. To, ƙarfin namiji daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mutum na iya zama garau a shimfiɗa alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ruwansa. Haka wanda ya ce ai yana da ɗa da uwargida shekara goma da suka wuce: ciwon sanyi, ciwon suga, kumburin jijiyoyin maraina, duk suna iya sauya lamari a tsakanin nan. A kusan rabin ma'auratan da ke da wannan matsala, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Saboda haka duk nairar da aka kashe a kan mace kafin a gwada mijinta, a makance aka kashe ta. Wani ma sai ya ƙara aure, ya kashe kuɗin lefe da sadaki da biki, ya koma gidan jiya, mata biyu suna jira maimakon ɗaya.

Idan sakamakon farko bai yi kyau ba, akan maimaita bayan kamar wata uku, domin kusan tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan wajen ƙera sabbin ƙwayoyi. Kuma a kiyayi allurar sinadarin testosterone da wasu ke yi don "ƙarin ƙarfi": tana rage ƙwayoyin maniyyi, wani lokaci ta tsayar da su ɗungurungum.

Ke nan ba kowa ne ke buƙatar IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, ba?

Ko kaɗan. Matakai ne, kowanne da farashinsa.

Wadda matsalarta rashin fitar ƙwai ne, kamar masu larurar PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan kari, sau da yawa ƙwayar letrozole ko clomiphene, wadda aka fi sani da Clomid, ta ishe ta, tare da rage ƙiba in akwai. Ƙwayar ba ta da tsada; sikanin ɗin bibiya ne ke ɗan cin kuɗi. Sai dai ba abin saye a kemis ba ne don wata ƙawa ta ce ta sha ta dace. Likitoci ba su cika wuce zagayen al'ada 6 da ita ba, kuma macen da bututunta ya toshe ko ta sha kwali goma ba abin da zai faru. Wadda sinadarin prolactin ya yi mata yawa, har nono na fitar da ruwa ba goyo, ita ma ƙwaya ce maganinta.

Sai tiyata: cire ƙarin mahaifa idan ya tokare inda ciki zai zauna, ko raba mahaifar da ta manne bayan wankin ciki. Ba kowane ƙari ne ke hana haihuwa ba, a lura. Mata da yawa na haihuwa da shi. Kafin a yarda a shiga tiyata, yana da kyau a ji ta bakin likita na biyu.

Sai IUI, inda ake wanke maniyyin miji a tace shi, a zuba cikin mahaifa daidai lokacin fitar ƙwai. Kuɗinsa kaso ne kaɗan na IVF, amma nasararsa ma kaɗan ce, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a kowane zagaye, kuma sai bututu aƙalla ɗaya na buɗe. Idan an yi uku ko huɗu ba labari, ci gaba da shi zubar da kuɗin IVF ne a hankali.

IVF, wanda wasu ke kira dashen ƙwai, shi ne na ƙarshe: a ciro ƙwan mace, a haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa. Shi ne hanya ga wadda bututunta biyu suka toshe, da namijin da ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci ƙwarai, da waɗanda sauran hanyoyi suka gaza musu.

To shi IVF ɗin nawa ne?

A Najeriya maganar miliyoyin naira ake yi a zagaye ɗaya. Don a gane nauyin abin: mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara in mutum bai ci bai sha ba. A Birtaniya zagaye ɗaya a asibitin kuɗi kan kai fam 5,000 ko fiye. A Amurka yakan tashi daga dala 12,000 zuwa 15,000, ban da magunguna. In aka kwatanta, namu ya fi arha a dala, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan abin da mutane ke samu.

Farashin da wata 'yar'uwa ta biya shekara uku baya ba abin dogaro ba ne. Kafin watan Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Allurai, ruwan da ake rainon ɗan tayi a ciki, allurar ciro ƙwai, 'yan bututun mayarwa, kusan duk daga waje ake shigo da su. Ga dizal: ɗakin gwajin IVF ba ya jure ɗauke wuta ko na ɗan lokaci, domin na'urar rainon tana riƙe da zafi daidai na jikin mutum dare da rana.

An faɗa mana kuɗi kaza a waya, da muka je sai lissafi ya ninka. Yaudara ce?

Wani lokaci wayo ne na talla, wani lokaci kuma ku ne ba ku tambayi abin da ke cikin kuɗin ba. Kalmar "zagaye ɗaya" kowane asibiti da abin da yake nufi da ita. A wani wurin tana nufin ciro ƙwai, haɗawa, da mayarwa kawai. Sauran duk a kanku: buɗe kati da ganin likita, gwajin jini na ku biyun har da na ƙanjamau da ciwon hanta, gwajin AMH da ke nuna yawan ƙwan da ya rage, allurai, sikanin bayan kwana biyu-biyu, kuɗin mai sa barci ranar ciro ƙwai, daskarar da 'yan tayin da suka rage, da magungunan riƙe ciki bayan dashe.

A ɗauka an ce muku miliyan 3. Tambaya ta farko: da magani ko ba magani? Amsar kaɗai na iya ƙara kaso mai tsoka. Ku ce a rubuto muku komai a takarda, layi-layi, da abin da ke ciki da abin da ba ya ciki. Asibitin kirki ba ya jin haushin wannan buƙata. Wanda ya ce "ku dai fara biya, sauran ma yi magana," ku ɗauki jakarku.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a kowace takarda. Cibiyoyin IVF sun fi taruwa a Abuja da Legas da wasu 'yan manyan birane. Mutumin Gusau ko Azare zai yi lissafin mota, da masauki na mako biyu zuwa uku, da abinci, da shagon da aka rufe ko hutun da aka ɗauka a wurin aiki.

Me ya sa allurai ke cin kuɗi haka, kuma me ya sa nawa suka fi na ƙawata yawa?

A wata na al'ada ƙwai ɗaya ke nuna. A IVF ana son da yawa, shi ya sa ake yin allurar sinadarin FSH kullum, kwana 8 zuwa 14, galibi a fatar ciki. Gonal-F da Menopur na cikin sunayen da za ku ji. Yawan da za a ba mace ya danganta da shekarunta, nauyinta, da ƙwan da ya rage mata. Mai shekara 27 na iya wadatuwa da kaɗan. Mai 39 ta sha ninki biyu ko uku, ta kuma samu ƙwai ƙasa da na waccan.

Da yawansu sanyi suke so. Wadda ta je da su gida za ta san darajar 'yar kula da ƙanƙara ranar da aka ɗauke wuta tun asuba, tana buɗe firji tana taɓa kwalin ta ji ko ya fara ɗumi. Wannan ne dalilin da ya sa sayen su a kasuwa don an samu ragi yake da haɗari: ba ku san rana nawa suka yi a bayan mota ba, kuma allurar da ta lalace ba ta sauya kala. Sai a sikanin za a ga ƙwai bai girma ba, zagayen duka ya tafi.

Allurar ƙarshe, mai nunar da ƙwai, da agogo ake yin ta, domin ana ciro ƙwan awa 34 zuwa 36 bayanta. In an ce ƙarfe 10 na dare, to 10 ɗin ne.

In mun biya duka, tabbas za mu samu?

A'a, kuma duk wanda ya ce muku tabbas ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da kuke biya kuɗin gwadawa ne. Wannan ita ce maganar da ya fi kamata ta zauna a zuciya kafin a taɓa asusu.

Alƙaluman Birtaniya na 2019, ƙasar da ke tilasta wa kowace cibiya kai rahoto, sun nuna haihuwar jariri a kowane ɗan tayi da aka dasa kamar haka: kashi 32 cikin 100 ga 'yan ƙasa da 35, kashi 25 ga 35 zuwa 37, kashi 19 ga 38 zuwa 39, kashi 11 ga 40 zuwa 42, kashi 5 ga 43 zuwa 44. Wato ko yarinya mai ƙuruciya, a ƙasar da aka fara wannan aiki tun haihuwar Louise Brown, jaririyar IVF ta farko, a 1978, rashin dacewa a karon farko ya fi dacewa yawa. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ba da shawarar zagaye 3 ga mace 'yar ƙasa da 40.

Ma'anar wannan ga aljihu: kada ku tambayi kanku "za mu iya biyan ɗaya?" Ku tambayi "in na farko bai yi ba, me ya rage mana?" Wanda ya sayar da gonarsa ɗaya tilo don zagaye ɗaya ya ɗora wa matarsa nauyin da ba ta da iko a kai. Makonni biyun nan na jiran sakamako da ma azaba ne. Ina ga an san babu komai a baya.

Idan cibiya ta ce nasararta kashi 70 ce, ku tambaya: kashi 70 na me? Na gwajin jinin da ya nuna ciki, ko na jariran da aka haifa da rai? A mata masu shekara nawa? Da ƙwansu ko da na wasu? Tsakanin gwaji ya nuna ciki da ranar suna akwai ɓari, kuma alƙaluman talla sun fi son tsayawa a na farko.

Mu jira mu tara kuɗi sosai, ko mu yi da abin da ke hannu?

Ya danganta da shekarun matar. Mai 26 na da sararin yin adashi na shekara biyu. Mai 38 ba ta da shi: duk shekarar da ta wuce kuɗin magani na ƙaruwa, damar na raguwa, naira kuma na zubewa a asusu. Ga irinta, jira shi ne zaɓi mafi tsada. Gwajin AMH da sikanin na ƙirga ƙwai za su taimaka wa likita ya gaya muku ko akwai lokaci.

Daskarar da 'yan tayi ƙarin kashe kuɗi ne kawai?

Akasin haka. Idan an samu 'yan tayi masu kyau biyar, aka dasa ɗaya ko biyu, sauran ana adana su cikin ruwan naitrojin mai tsananin sanyi. In na farko bai kama ba, ko ana son ƙani bayan shekara biyu, sai a narkar a dasa, ba sai an sake allurai masu tsada da ciro ƙwai ba. Kuɗinsa ya yi ƙasa sosai da sabon zagaye. Tun 1984 aka haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ostireliya. Ana biyan kuɗin ajiya duk shekara. Ku san nawa ne, kuma me zai faru in kun makara biya.

Ba gara a dasa mana uku ko huɗu ba, mu samu 'yan biyu a kuɗi ɗaya?

Mutanenmu na son tagwaye, Hassan da Husaini an gama lokaci guda. Amma lissafin ba ya tsayawa a ranar dashe. Fiye da rabin tagwaye bakwaini ake haifar su, 'yan uku kuwa kusan dukansu. Ga hawan jinin masu ciki, ga zubar jini, ga tiyata. Jarirai biyu a kwalba na makonni a asibitin kuɗi na iya cinye abin da ya kai kuɗin IVF ɗin kansa, in ma an samu gadon. Mafi ɗaci, ana iya rasa su duka bayan wannan wahala. Ƙasar Beljiyam tun 2003 take biya wa mata zagaye 6, amma da sharaɗin taƙaita yawan 'yan tayin da ake dasawa, domin ta gano kuɗin jinyar bakwaini ya fi. Ga mace mai ƙuruciya da ɗan tayi mai kyau, a dasa ɗaya a daskare sauran ya fi hankali.

An ce mu ƙara kuɗi a yi ICSI da wasu gwaje-gwaje. Dole ne?

ICSI shi ne a ɗauki ƙwayar maniyyi guda a cusa ta cikin ƙwai da allura mai siririn baki. An fara shi a birnin Brussels a 1992, kuma ya buɗe ƙofa ga mazan da a da ake ce wa sai haƙuri; har wanda ba a ga komai a ruwansa ba, wani lokaci ana samo ƙwayoyi daga maraina kai tsaye. In matsalar daga namiji take, kuɗinsa halal ne. In maniyyi lafiya lau yake, bincike bai nuna yana ƙara yawan haihuwa ba.

Ma'aurata masu jinin AS da AS na iya neman a gwada 'yan tayi kafin dashe don kauce wa haifar mai sikila. Wannan gwaji na gaske ne, yana aiki, amma ƙari ne babba a kan kuɗin IVF. Sauran kayan ƙari, irin su "gam" na manna ɗan tayi, da kankarar bangon mahaifa, da ƙarin ruwa na garkuwar jiki, hujjarsu ba ta da ƙarfi. Tambaya ɗaya ta isa: "Likita, a irin matsalarmu, wace shaida ce ta nuna wannan zai ƙara mana damar haihuwa?"

Asibitin gwamnati fa? Inshora na biya?

Wasu asibitocin gwamnati na yi. Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin na cikin waɗanda suka daɗe da buɗe sashen IVF, kuma galibi sun fi na kuɗi sauƙi. Sai dai akan tara mata rukuni-rukuni, a jira layi, kuma yajin aiki na iya faɗowa a tsakiya. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar: Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara shi a Legas tun shekarun 1980, Dokta Ibrahim Wada kuma ya samu nasarar haihuwa ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke Abuja a 1998.

Inshora kuwa, yawancin tsare-tsare ba sa biyan IVF. Wasu na biyan ganin likita da gwaje-gwajen farko, don haka mai katin inshora ya tambaya kafin ya zaro kuɗi. Akwai 'yan gidauniyoyi masu tallafawa, kamar wadda marigayiya Ibidunni Ighodalo ta kafa a Legas, amma masu nema sun ninka guraben sau da yawa.

Misra ko Indiya ba su fi ba?

Kuɗin aikin kansa na iya zama daidai ko ƙasa da na Abuja. Amma a ɗora tikitin mutum biyu, biza, masauki na kusan mako uku, tafinta, da kason ɗan kamasho da ya haɗa ku da asibitin, duk a dala. In bai yi ba, 'yan tayinku na daskare a Alƙahira ku kuna Kano, komawa wani tikitin ne. In kuma matsala ta taso bayan an dawo, kamar kumburin ciki da allurai kan jawo wa wasu, likitan gida ne zai karɓe ku ba tare da ya san abin da aka yi ba. Wanda zai tafi ya dawo da cikakken rahoto a rubuce. Ba a ce kada a je ba; a dai yi lissafin har ƙarshe.

Likita ya ce ƙwaina ya ƙare, sai dai a sayi na wata. Ya halatta? Nawa ne?

Ya fi IVF na yau da kullum tsada, domin za a biya magungunan mai bayarwar da ladanta. Amma ga Musulmi maganar ba ta kai ga farashi ba. Fatawar 1980 ta Sheikh Jadul Haƙ, Muftin Misra na lokacin wanda daga baya ya zama Shehun Azhar, ta halatta IVF da sharaɗin ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, mahaifarta ce, kuma auren na nan. Ƙwai ko maniyyin wani, ko hayar mahaifa, malaman Sunna sun haramta saboda cakuɗa nasaba. Har batun a dasa wa kishiya an tattauna: majalisar fiƙihu ta Makka ta yarda da shi a 1984, ta janye a 1985. Cocin Katolika ba ta amince da IVF ba gaba ɗaya, wasu ɗariƙun Kirista kuma sun yarda.

Ku faɗi matsayinku tun ranar farko, a rubuta a fayil, kuma ku karanta takardar amincewa kafin sa hannu. Tambayi yadda suke lakabta samfura don kada a samu musanya, haƙƙinku ne.

Maganin gargajiya ai ya fi arha?

Kwalba ɗaya ta fi arha. Shekara bakwai na kwalabe, da turare, da tsimi, da ragon sadaka, da kuɗin mota zuwa ƙauyen da aka ce akwai wani mai sa'a, in aka tara sukan kai kuɗin da ake gudu. Babu jiƙon da ke buɗe bututun da ya toshe, kuma cushe-cushen da ake yi a gaba na iya jawo wani ciwon. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana addu'a. Shekarun da suka tafi ne ba sa dawowa.

Akwai kuma 'yan damfara tsantsa. A 2024 sashen binciken BBC Africa Eye ya bankaɗo wasu a jihar Anambra da ke yi wa mata allurai har ciki ya kumbura, su ce ciki ne "ɓoyayye" da sikanin ba ya gani, su hana su zuwa wani asibiti, a ƙarshe su miƙa musu jaririn da aka sayo. Cikin da sikanin ba ya gani wata da watanni babu shi. Kafin ku biya kowace cibiya, ku tabbatar likitan na da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, ku tambayi wane ne masanin 'yan tayi da ke ɗakin gwajinsu, kuma ko suna cikin ƙungiyar AFRH ta masu wannan fanni.

In bai yi ba, ana mayar da kuɗi?

A ƙa'ida a'a, domin an yi aikin. Amma ku tambayi abin da zai faru in an tsayar da zagayen a tsakiya, misali ƙwai bai girma ba, ko an ciro bai haɗu ba: wane kaso za a mayar ko a ajiye muku? Wasu cibiyoyi na sayar da zagaye biyu ko uku a dunƙule da ragi. Yana da amfani ga wanda ake ganin zai buƙaci fiye da ɗaya. In an dace a na farko, ragowar ta tafi. Masu alƙawarin mayar da kuɗi kuwa sukan zaɓi matan da da ma damarsu ke da yawa, su kuma caji fiye da kima.

Bashi fa? Ko mu nemi gudummawar dangi?

Bashi mai ruwa a kan abin da ba tabbas, ban ba da shawara ba. Adashi, ajiya, sayar da abin da rashinsa ba zai durƙusar da gida ba, sun fi. Gudummawar dangi na da daɗi, amma duk wanda ya sa kuɗinsa ya sayi bakin magana. In ba a dace ba, matar ce za ta sha "an kashe mata miliyoyi". Ku zaɓi wanda za ku gaya wa. Kuma ku zauna ku biyu tun kafin allurar farko ku yanke: zagaye nawa za mu yi, nawa ne iyakar abin da za mu kashe, me ba za mu taɓa sayarwa ba. Yanke wannan a ranar da sakamako ya fito babu, ana kuka, ba ya yiwuwa. Kuɗin ma bai kamata ya zama na matar ita kaɗai ba don an saba ɗora mata laifin.

Gwaji ya nuna ciki ya shiga. Kashe kuɗi ya ƙare?

Da saura. Za a ci gaba da maganin progesterone mai riƙe ciki na wasu makonni, a wasu cibiyoyin har wajen mako na 10 ko 12. Akwai sikanin a mako na 6 zuwa 7 don ganin bugun zuciya da tabbatar da cewa cikin a mahaifa yake, domin ko a IVF yana iya zama a bututu. Daga nan sai awo, wanda ga mai shekaru ko mai tagwaye zai fi na kowa yawa, sannan haihuwa a asibitin da ke da ɗakin tiyata da sashen jarirai. IVF shi kaɗai ba ya wajabta tiyata, amma ana yawan yin ta ga masu irin wannan ciki, don haka a ware kuɗinta tun cikin na wata uku, tare da na jini leda ɗaya ko biyu in an buƙata.